Yara Ashirin da Shida, Kawu Ɗaya

Ɗazu na ji ɗayanku yana cewa in an ba shi zaɓi Turanci zai koyar, wai shi ne aikin hutu: ka shiga aji da littafin labari, yara su karanta, ka ba su insha'i su rubuta, kai kuwa ka zauna kana kaɗa ƙafa. Shi ya sa kuka ga na yi dariya har tari ya sarƙe ni. To tunda kun gama kwalejinku ta horon malamai kun zo kuna neman tsoho ya ba ku labari, ku gyara zama. Na fara koyar da Turanci a garin nan na Jalingo tun Turawa ba su tafi ba, kuma har na ajiye alli ban ga ranar kaɗa ƙafar nan da kuke faɗi ba.

Makarantarmu ta En'e ce, wato hukumar gargajiya. Mutanen gari Midil suke ce mata, ko da yake a takarda babbar firamare ce, inda yaran da suka gama elementare a ƙauyuka suke taruwa su yi shekara uku. Wanda ya ci jarrabawar ƙarshe sai a kai shi babbar makarantar lardi a Yola. Wanda bai ci ba ya koma gida, in ya yi sa'a a ɗauke shi malamin kasuwa ko na asibiti. Ni ɗan Kanawa ne, mahaifina tela ne da fatauci ya kawo kakansa ƙasar Muri, gidanmu yana nan wajen Kachalla Sembe. Da na dawo daga karatu aka ba ni aikin malanta a ƙarƙashin hedimasta Malam Garba, wani dogon Bazazzagi da ba ya ɗaga murya, ba kuma ya maimaita magana.

Aikin farko da ya ba ni shi ne dama tawada. Ina tafe da taƙama, na iya Turanci har da na hanci, sai ya miƙo mini gwangwanin garin tawada da kwalba, ya ce in je in haɗa wa aji. Na zuba ruwa yadda raina ya so. Washegari duk abin da yara suka rubuta ya fito fari-fari kamar an wanke. Na ƙara gari, ta yi kauri, bakin alƙalami ya riƙa toshewa, takarda ta cika da ɗigo. Sai da na yi mako uku kafin na gane awon, sannan ya koya mini yadda ake lasar sabon bakin alƙalami ko a gifta shi a wuta don maiƙon kamfani ya fita ya kama tawada. Allon bango kuwa duk ƙarshen wata sai mun shafa masa dakakken gawayi da ƙaro, in ba haka ba na baya ba sa ganin komai. Alli a ƙirge yake a aljihun Malam Garba, guntu ma ba a yarwa. Shekara guda cur ina zaune a bayan ajinsa ina kallo kafin ya bar mini yara ni kaɗai.

Littattafai sau ɗaya suke zuwa a shekara, in ruwan Binuwai ya cika jirgi ya iso Lau, daga can a ɗoro su a mota. Abokin gabarmu na farko gara ce. Akwatin littattafan ajina na katako ne, ƙafafunsa huɗu kowace a cikin gwangwanin da aka zuba kananzir, kuma duk Asabar sai an fito da su an shanya an kaɗe. Akwai hutun da muka dawo muka tarar wani ya jingina tsintsiya da akwatin. Ta nan gara ta hau, ta ci ƙamus ɗinmu tun daga bango har kusan tsakiya. Shekarar nan duk kalmar da ta fara da haruffan farko sai dai a tambaye ni, ni kuma in ban sani ba in ce a bari sai gobe, in je in tambayi Malam Garba.

Littafin labarin da aka ba mu don aji na ƙarshe guda tara ne, yara kuwa sun kusa talatin, saboda haka uku-uku ake zama, na tsakiya ya riƙe, na gefe su leƙa. Labarin wani yaro ne da ubansa ke gadin wata doguwar hasumiya mai fitila a bakin teku, don jiragen ruwa su gani kada su daki dutse. To ku gaya mini, yaron da babban ruwan da ya taɓa gani shi ne Mayo Gwoi da damina, yaya za ka sa masa teku a ka? Na ce musu ruwa ne da ba a hango ƙetarensa, kuma gishiri ne. Wani yaro Bamumuye, Audu, wanda a gidansu ake kira Mading, ya ɗaga hannu.

"Malam, wa ya zuba gishirin?"

"Haka Allah ya yi shi."

"To matan garin ba sa sayen gishiri ke nan?"

Aji ya fashe da dariya, ni ma na yi. Amma daga baya na lura Audu ne kaɗai ya tsaya ya hango garin a ransa, har ya ga mata da tukwanensu. Sauran sun karɓa ne kawai don malam ya faɗa.

Kalmomi kuwa kowane yaro yana da ɗan littafin da ya ɗinka da zare, goma ake shigarwa kullum. Abin da ake iya ɗaukowa, ɗauko shi nake yi. Na taɓa aron tsani daga wurin magina don kalma ɗaya, na taɓa shigo da ɗan akuya aji don uku. Wahalar ita ce Hausar ma da nake fassara da ita ba ta kowa ba ce. Akwai 'ya'yan Fulani, akwai Mumuye daga duwatsu, akwai Jukun Kona, sai mu 'ya'yan fatake tsiraru. Wata kalmar sai ta bi ta baki uku kafin ta isa inda za ta: ni in faɗa da Hausa, wani ya juya wa na kusa da shi da Fulatanci, wancan ya raɗa wa na bayansa da yarensu. Wani lokaci abin da ya isa can ƙarshe ba shi na aika ba.

Iyayen yara su ne masu cinikinmu, in ana iya kiransu haka, don yawancinsu ba su nemi hajarmu ba. Hakimi ake ce wa ya kawo yara kaza daga ƙasarsa, shi kuma ya bi gida-gida. Wani uban in ya zo duba ɗansa abin da yake dubawa shi ne ko ya rame, ko yana salla. Wani kuma ya zo da wasiƙar da aka aiko masa daga kotu, ya ce ɗan ya karanta a gabanka, in ya yi in'ina ya dube ka ya ce, "Shekara uku ke nan fa, Malam." A cikinsu akwai wani Arɗo daga wajen Iware, dattijo siriri mai sanda, wanda ɗansa Hammanjoda yake ajina. Shi da kansa ya gaya mini sharaɗinsa tun ranar farko da na karɓi ajin.

"Modibbo," ya ce, wato malam da Fulatanci, haka yake kirana ko da yake na girmi ɗansa da shekara bakwai ne kawai, "na ba da shi shekara uku. In ya ci, ya tafi Yola, ban hana ba. In bai ci ba, shanu suna jiransa. Ba ni da wani namiji babba."

Ban damu da sharaɗin ba, don Hammanjoda shi ne na ɗaya a ajin, kuma ba kusa ba. Kafin a kawo shi boko ya yi nisa a karatun allo, kansa kamar an buɗe rumbu. In na karanta shafi sau biyu, a na uku shi zai karanta mini littafi a rufe. Ga natsuwa, ga rubutu kamar an buga da inji. Yana son Yola kamar ransa. Akwai wani ma'aikacin dabbobi da yake zuwa yi wa shanunsu allura, shi yake so ya zama, har ya taɓa tambayata shekara nawa ake yi kafin a ba mutum wannan akwatin allurai.

Yanzu ga insha'i, wanda kuka ce a ba yara su rubuta a zauna. Ranar farko da na ce su rubuta mini abin da suka gani a kasuwa, rabin sa'a ta wuce ba wanda ya tsoma alƙalami a tawada. Suna zaune suna kallona, ni ina kallonsu. Da na matsa, aka kawo mini layi biyu-biyu, kowane layi da kuskure biyar. Na zauna da jar tawada na yi ta yanka har takardun suka koma kamar mahauta. Na sake gwadawa, haka. Ga jarrabawa tana matsowa, ga shi shekarata ta farko ke nan da aji na ƙarshe, ina so a san an zo da sabon malami.

Sai dabara ta zo mini, kuma a lokacin na ɗauka ba wanda ya taɓa yin irinta. Na binciki tsofaffin takardun jarrabawa a ofishin Malam Garba, na ga tambayoyin insha'i ba sa wuce uku: ranar kasuwa, damina, ko wata tafiya da ka taɓa yi. Na zauna na rubuta guda uku da hannuna, na goge su na sake gogewa har suka yi sumul. Na tafiyar shi ya fi kyau. A ciki na ce na tafi Lau a mota tare da kawuna Bello, taya ta fashe a hanya, kazar wata mata ta kuɓuce aka yi ta bin ta a daji, da muka isa na ga jirgin ruwa yana hayaƙi. Na rubuta a allo, suka kwafa, na ce a haddace.

Abin nema ya samu. Wannan aiki ne da suka sani tun suna ƙanana, har waɗanda ba su yi allo ba sun saba da haddar waƙa da kirari. Nan da nan aji ya ɗauki amo, ana rangaji ana biyawa. Duk Juma'a su rubuta mini daga ka, wanda ya canza kalma ɗaya in ja masa jan layi, wanda ya canza uku ya sha rula a tafin hannu. Audu ya fi kowa shan rular nan, don shi kullum sai ya ƙara wani abu, yau kazar baƙa ce, gobe ta shiga ramin gafiya. Hammanjoda kuwa ko ɗigo bai taɓa sauyawa ba, shi nake ɗagawa in nuna wa aji in ce ga yadda ake yi. Malam Garba ya taɓa tsayawa a taga ya saurara, ya ce, "Malam Sule, wannan karatu ne ko tilawa?" Na ce masa ai sakamako zai nuna. Ya kaɗa kai ya wuce, kuma na gaya muku ba ya maimaita magana.

Ranar jarrabawa aka fasa hatimin ambulan a gaban yara, aka raba. Ina daga waje na ji an ce tafiya ce ta fito, na je bayan aji na yi hamdala. Yara ashirin da shida suka zauna, suka fito suna murmushi, aka ɗaure takardu aka aika Yola.

Bayan mako biyar, maimakon sakamako sai ga wasiƙa. Malam Garba ya kira ni ofis, ya miƙo mini ita. An ce an soke takardar Turanci ta makarantarmu gaba ɗaya, domin yara ashirin da shida sun rubuta abu ɗaya kalma da kalma, kowannensu yana da kawu Bello, kowannensu tayarsa ta fashe. Ana zaton ko dai sun kwafi juna, ko wani ya rubuta musu a allo. Baturen makarantu zai zo ya bincika, in ta tabbata sata ce ba wanda zai ƙara zama jarrabawa a cikinsu. Na karanta sau biyu, na zauna a kan akwatin alli. Tsoro na ji ƙwarai, kunyar kuma ta fi tsoron.

Baturen ya iso ranar wata Talata. Mai Lofe muke ce masa, don ko ba wuta lofen yana bakinsa. Hausarsa ta littafi ce, a hankali yake jero ta kamar mai taka ƙaya. Ya shiga aji da damin takardun, ya dubi yara, ya ce yana so ya san wanda ya fara rubutawa da waɗanda suka kwafa. Ba wanda ya motsa. Su a ransu ba su ma gane laifin ba, abin da malam ya ce su yi suka yi, kuma sun yi shi daidai. Na ga in na yi shiru za a tafi da su a matsayin ɓarayi, sai na tashi.

"Ranka ya daɗe, ba wanda ya kwafi wani. Ni na rubuta tun watanni, na sa suka haddace. In kana so ka gwada."

Ya cire lofe ya dube ni. Ya ɗauki takarda ɗaya, ya karanta layin farko, ya nuna wani yaro da bakin lofen. Yaron ya miƙe ya ɗora. Ya tsayar da shi a tsakiyar magana ya nuna wani a can baya, shi ma ya ɗora daga inda aka tsaya. Haka ya yi ta yi har aka kama kaza aka isa Lau. Da ya zo kan Hammanjoda, ya ce ya fara daga ƙarshe ya koma farko, jimla-jimla. Yaron ya yi, ko numfashi bai sarƙe masa ba.

Mai Lofe ya ajiye takardar. Sannan ya ce da ni a gaban yaran, "Malam, ba su yi sata ba, na yarda. Amma ba su rubuta kome ba. Kai ne ka zauna jarrabawa sau ashirin da shida, kuma kai ba ka cikin masu neman shiga." Ya ce zai zagaya rangadi ya dawo ta Jalingo bayan mako shida, zai ba su tambaya da bakinsa, su rubuta a gabansa. Abin da suka samu shi ne nasu.

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu haka muka yi. Da yamma na je wurin Malam Garba na ce ya koya mini abin da ya kamata in tambaya tun bara. Bai yi mini gori ba. Ya ce, "Ka ajiye jar tawadar nan tukuna. Yaro ba ya rubuta abin da bai gani ba, kuma ba ya faɗin abin da ya gani in ya san duka zai sha. Ka fitar da su waje."

Washegari na raba su. Wannan ya je maƙera, wancan wurin masu jima, wani bakin Mayo Gwoi inda mata ke wanki, wani mahauta, kowa wurinsa dabam don kada a sami abin haɗawa. Na ce kowa ya dawo da abu biyar da idonsa ya gani da abu ɗaya da kunnensa ya ji an faɗa. In sun dawo, kowa ya ba na kusa da shi labari da harshen da ya ga dama, sannan ya faɗa mini da Hausa, sannan mu nemi kalmomin Turancin tare, sannan ya rubuta. Kuskure uku kawai nake gyara wa kowa a rana, sauran in kau da kai, ko da yake hannuna yana ƙaiƙayi. Littafin hasumiyar nan ma muka koma masa ta wata hanya. In mun kai inda yaron ya ga jirgi na nufo dutse fitila kuma ta mutu, sai in rufe in ce kowa ya rubuta abin da zai yi in shi ne.

Mako na farko abin tausayi ne. A na uku sai ga abubuwa sun fara fitowa. Audu ya kawo mini shafi guda a kan yadda ake tona ramin doya a garinsu, Turancin duk a karkace, amma ina karantawa ina jin ƙamshin ƙasar. Yaran da na ɗauka dakikai ne suka fara rige-rigen ba da labari. Ashe bakinsu cike yake, ni na toshe shi.

Hammanjoda ne ya tsaya cik. Na aika shi turken shanu na kasuwa, wurin da ya fi kowa sani, ya dawo ya ba ni labari da baki tiryan-tiryan, har da saniyar da ya ce tana da ciwon hanta tun ba a duba ba. Na ce to rubuta. Ya zauna, ya gyara takarda, ya tsoma alƙalami, ya tsaya. Bayan an tashi ya same ni.

"Malam, ka rubuta mini yadda yake daidai, ni kuma in riƙe."

"Ba wani daidai, Hammanjoda. Naka nake so."

"Nawa zai yi kuskure."

"Ya yi mana. Kowa ma yana yi."

Ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "A allo in ka sa naka a cikin karatu, zunubi ne. A nan ma a da ka ce kada a canza. Ni wane ne da zan sa maganata a takarda, ga ta malam?"

Shekara guda ina ɗaga shi a gaban aji saboda abin nan, yanzu ina so ya zubar da shi cikin mako shida. Na yi duk dabarar da na sani. Na zauna kusa da shi yana faɗa ina cewa rubuta wannan, rubuta wancan. Na haɗa shi da Audu ko zai ga yadda ake kuskure a rayu. In ya rubuta jimla ɗaya sai ya tsaya ya auna ta da waɗanda ke kansa, ya ga ba ta kai su kyau ba, ya soke. Takardarsa kullum layi uku ne masu tsabta da sokakku goma. A mako na shida ya kai rabin shafi, na fara sa rai.

Mai Lofe ya dawo kamar yadda ya ce. Ya sa aka fitar da ni da Malam Garba, ya rubuta tambaya a allo da hannunsa: kowa ya ba da labarin ranar da ya ji tsoro. Ina hango yaran ta taga daga gindin mangwaro. Kawuna duk a sunkuye, alƙaluma na tafiya, ban da ɗaya. Hammanjoda yana zaune a miƙe, hannunsa a kan takarda, yana kallon allo. Sai can kusa da ƙarshe na ga ya sunkuya.

Baturen a masaukinsa ya duba takardun, washegari ya kawo sakamako. Tara suka ci, Audu na cikinsu. Na Hammanjoda layi huɗu ne, ba kuskure ko ɗaya a ciki, an rubuta a ƙasa cewa bai isa a auna ba. Na roƙi Mai Lofe, na ce ya dubi lissafinsa, ya dubi sauran takardunsa, na ce laifina ne. Ya ce ya sani, kuma ya ji ba daɗi, amma babu mai shiga makarantar lardi sai da Turanci, in ya buɗe wa ɗaya ƙofa sai ya buɗe wa goma sha bakwai. Ya ce yaron ya sake shekara. Ni kuwa na san ba shi da wata shekara.

Ranar kasuwa Arɗo ya zo. Ina cikin aji ni kaɗai ina kaɗe littattafai sai na ji sallama. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, abin da ba wanda yake yi, ya shigo da Hammanjoda a bayansa ɗauke da ƙwaryar man shanu. Muka gaisa, ya sa yaron ya ajiye ƙwaryar a gabana.

"Useko, Modibbo," ya ce, yana godiya da Fulatanci. "Na zo godiya, na zo kuma ban haƙuri. An ce ka wahala a kansa fiye da kowa, shi kuma ya ba ka kunya gaban Nasara." Ya juya ga ɗansa. "Durƙusa ka roƙi malaminka gafara."

Yaron ya durƙusa. Na ce, "Baba, don Allah ya tashi. Wallahi ba shi ya ba ni kunya ba, ni na cuce shi. Abin da na koya masa shi ya yi, ni ne na koya masa ba daidai ba. Ka ba ni shi shekara ɗaya tak, in gyara abin da na ɓata."

Arɗo ya yi murmushi irin na manya in yaro ya yi magana don kara. "Kai mai kirki ne, shi ya sa kake ɗaukar masa. Malami ba ya koyar da ba daidai ba. Rabonsa ne ya ƙare a nan." Na sake faɗa, har muryata ta tashi. Ya ɗaga hannu ya ce shanu za su gangara fadamar Binuwai jibi, kuma ƙafarsa ba ta kai wannan tafiyar yanzu.

Hammanjoda ya ciro ɗan littafinsa na kalmomi da alƙalaminsa daga aljihu ya ɗora a kan tebur, don kayan makaranta ne. Na ce ya riƙe. Ya ce, "A ba wani, Malam, bakin alƙalamin sabo ne." Ya ce in yafe masa, na ce na yafe, don ba abin da ya rage in ce. Suka sa takalmansu suka kama hanyar Iware, uban a gaba, shi a baya riƙe da sandar.